Kira Ne Ko Zafin Azumi? Musayar Waƙa

'Yar Kakuri, Lahadi ta biyu ta Azumi, 8:40 na dare

Salama gare ku 'yan'uwa. Karatun farko na yau, Farawa sura 12, ya hana ni sakat tun da na fito Misa. Mai amsa ya ba ni da waƙa yadda muka saba.

Tun Larabar Toka da aka shafe goshina,
Wata magana ta zauna daram cikin raina.

Yowel ya ce zuciya za ku tsaga, ba riga ba,
Na tsaga tawa, na iske tambaya a gabana.

Yau kuma ga Abram, an ce ya bar ƙasarsa,
Ya bar dangi da gidan uba, sai na ji kamar sunana.

Na daɗe ina wucewa ta ƙofar gidan Sistoci,
In rage sauri, in leƙa, in share hawayena.

Ni ce 'yar fari, ga Mama, ga ƙanne a makaranta,
Kowa idonsa na kan ɗan albashina.

Ku gaya mini, kira ne daga wurin Ubangiji,
Ko zafin Azumi ne ke wasa da tunanina?

Ɗan Kwaya Narayi, 8:52 na dare

'Yar Kakuri sannu, na ji duk bayaninki,
Amma akwai baitin da kika ɓoye a aljihunki.

Bara waccan muna shirin cin shinkafar biki,
Saurayi ya sulale Abuja, sai kira ya same ki?

Abram bai fita da fushi ba, da Saraya ya tafi,
Ke gudu kike yi, duba abin da ke korar ki.

Bari Ista ta zo, a yanka kaji, a yi ta Halleluya,
Mu ga ko kiran zai kai Fentikos a bakinki.

'Yar Kakuri, 9:05 na dare

Ɗan Kwaya, tun da ka tona, bari in tona naka,
Ka shiga seminari da akwati da sabuwar katifarka.

An yi maka addu'a a coci, mata sun yi guɗa,
Ƙararrawar asuba ta koro ka, ka dawo gun babarka.

Wanda ya tafi Abuja ni na mayar masa da kayansa,
Je ka tambayi ƙanwarsa da ke zaune a layinka.

Tun ina ajin katikisim nake jin wannan abu,
Ba ɗa namiji ya sa ba, ko shi ko irinka.

Maman Zumunta, Sabon Tasha, 9:07 na dare

Ayyururui! 'Yata kin gama da shi. A dandalin nan babu mai alƙalami irin naki, duk wanda ya ja ya zo mu gwada. Ni ban iya waƙa ba amma ga tawa:

Yarinyar nan tun tana ƙarama na san halinta,
Ba ta fashin Rosari, ba ta raina babarta.

A asibitin St. Gerard na Kakuri na haifi ɗana na fari,
Sista ce ta kwana a kaina tana shafa mini baya da hannunta.

In Allah ya ɗauki ɗaya daga cikin namu ya sa a wannan aiki,
Wane ne Ɗan Kwaya da zai tsaya a hanyarta?

Malam Katikis, Romi, 9:30 na dare

Ɗana Ɗan Kwaya, kai da ke ba da waƙa a Misa ka fi kowa sanin cewa kalmar yabon nan da ka sa a baitinka na ƙarshe ba ma rera ta daga Larabar Toka sai daren Ista. Ka jira lokacinta. Kuma zancen auren da bai yiwu ba, ba a bainar jama'a ake tayar wa 'ya mace shi ba.

Malamin Hausa, Tudun Wada, 10:12 na dare

Salamu alaikum maƙwabta. Ni Musulmi ne, maganar kira ta addininku ce, ba zan sa baki ba, sai fatan Allah ya zaɓa mata mafi alheri. Abin da ya dame ni kari ne. Hajiya Maman Zumunta ta ce babu alƙalami irin na 'Yar Kakuri, to a duba. Amsa-amonta na "na" ya tafi daidai har ƙarshe, wannan na yaba. Baitin farko gaɓa 14 da 14, lafiya lau. Amma baiti na uku, ɗangon farko gaɓa 13, na biyu 17. Wa zai rera wannan bai yi tuntuɓe ba? Yawancin abin da ake sawa a nan zube ne aka daddatsa aka liƙa masa amsa-amo.

Ɗan Kwaya Narayi, 10:20 na dare

Malam ya shigo da mudu kamar mai awo a kasuwa,
Yarinya na zancen rayuwarta, shi gaɓa yake ƙirgawa.

Mu a kwaya da ganga da tulu muke auna waƙa,
In ɗango ya yi tsawo, murya ce ke lanƙwasawa.

Zo Narayi ran Lahadi, ka tsaya ta taga ka saurara,
Ka ji gaɓa sha bakwai ɗin nan yadda take zaunawa.

Malamin Hausa, Tudun Wada, 10:41 na dare

Waƙa ba ta yi sai da kari,
Kowane ɗango na da tsari,
Ganga ke rufa ma asiri,
A takarda sai ka yi shiri.
Ɗan Kwaya sauko, yi haƙuri,
Gyara na yi maka, ɗan gari.

Ƙirga ka gani, tara-tara ne.

Malam Katikis, Romi, 10:48 na dare

Malam, na ƙirga, tara ne. Amma in aruli ake bi, ai ba yawan gaɓa kaɗai ake dubawa ba, har da inda mai nauyi da marar nauyi suka faɗa. A nan ɗangonka na biyar bai hau kan na farko ba.

Malamin Hausa, Tudun Wada, 10:50 na dare

Akwai zihafi, wato ɗan sauyin nauyin gaɓa da aruli ya halatta, Malam Katikis, masana sun yarda da shi. Gobe zan kawo yankan ɗango-ɗango.

Maman Zumunta, Sabon Tasha, 10:51 na dare

Ni dai ba Hajiya ba ce, Mama ce. Kuma ku bar mana lissafin nan, yarinya ta yi tambaya kun mayar da wurin aji.

Kawu Barnawa, Talata, 6:15 na safe

Sai yau jikana ya buɗe mini wayar na karanta. A watan Fabrairun 1982, zamanin Akbishop Peter Jatau, ina cikin taron Dandalin Murtala ranar da Paparoma John Paul na Biyu ya naɗa sababbin firistoci a nan Kaduna. Wata tsohuwa kusa da ni, ɗanta na cikin waɗanda suka kwanta rub da ciki a gaban bagade, tana guɗa hawaye na zuba, ta riƙe gefen rigata ba ta ma san ta riƙe ba. Tun ranar na san cewa in an kira ɗa, gida duka aka kira.

'Yata, ban ce ki ƙi kiran Ubangiji ba,
Amma doka ta huɗu ba a goge ta daga allo ba.

Abram ya fita, gaskiya ne, karanta aya ta gaba,
Ya ɗauki Lutu ɗan ɗan'uwansa, bai bar maraya a baya ba.

Yesu a kan gicciye, ga ƙusa a hannuwansa,
Sai da ya danƙa uwarsa ga Yohanna, bai bar ta haka ba.

Kin kawo zancen dandali, mun sha waƙa mun yi tafi,
Na tabbata har yanzu ba ki zauna da Mamanki ba.

Ɗan Kwaya Narayi, Talata, 1:30 na rana

'Yar Kakuri, ba ƙararrawa ce ta koro ni ba. Fadan da ke bi da ni a ruhu ne ya zaunar da ni ya ce ina son bagade, ina son waƙa, amma rayuwar firist ba tawa ba ce. Na yi kuka, na fito, yau ga ni da mata da 'ya'ya ina yi wa Allah hidima a kwaya, kuma ba na jin kunyar hakan. Ga dalilin da ya sa na taɓa ki:

Daren 8 ga Janairun 2020 aka shiga Kakau,
Ɗalibai huɗu na seminarin Good Shepherd aka kwashe su.

Uku sun dawo gida, Michael Nnadi bai dawo ba,
Shekararsa 18, shi ne ƙarami a cikinsu.

Mai sa farar riga a ƙasar nan ya san abin da ya ɗauka,
Fada da Sista, kullum hanyar ƙauye ce a gabansu.

Shi ya sa na tsokane ki, in ji ko kiran na da saiwa,
Don masu zuga ki yau, ranar wuya sai ki neme su.

Maman Zumunta, Sabon Tasha, Talata, 1:44 na rana

Su wa ke zuga? Faɗi suna! Mu 'yan Zumunta ne ke zuwa gidan makoki da tukunya tun kafin 'yan kwaya su gama neman makullin ganga.

Wata Sista, Lahadi ta uku ta Azumi, 4:10 na yamma

Na makara, mako guda muna ƙauye babu sabis. Ƙanwata, ga tawa, Malamin Hausa ya yi mini afuwa.

Ranar da kika ji Abram, kin ji Bisharar kuwa?
Bitrus ya ga haske a dutse, ya ce a kafa bukka a tsaya.

Ba a bar shi ba, an sauko da shi inda jama'a suke,
Daɗin dutse na ɗan lokaci ne, a ƙasa ake gane gaskiya.

Sama'ila ya ji murya da dare, gun Eli yake ta gudu,
Sai da tsoho ya gane mai kiran, ya nuna masa hanya.

Yau ga Basamariya ta bar tulunta a bakin rijiya,
Ba ta ɓuya ba, garinsu ta koma ta kira su gaba ɗaya.

Sauran bari in faɗa a zube. Ba ranar da mace ta ƙwanƙwasa ƙofarmu take ɗaukar alkawari ba. Da farko kina gidanku, kina aikinki, kina zuwa kina kwana biyu tare da mu, ki ga tashin asuba da wanke-wanke da saɓanin da ke tsakanin mata masu zama wuri ɗaya. Bayan haka ki shigo zaman gwaji, sannan horon nobis, wanda dokar Ikilisiya ta ce ba zai gaza wata 12 ba. Daga nan alkawarin wucin gadi na talauci da tsabtar rai ba aure da biyayya, aƙalla shekara 3, kafin na har abada. A kowane mataki kina iya fita, mu ma muna iya cewa ba nan ba ne, kuma abin da Ɗan Kwaya ya faɗa game da fitarsa gaskiya ne, ba abin gori ba ne. Maganar Kawu kuwa, mu da kanmu za mu tambaye ki wa ke dogara da ke, ko akwai bashi a kanki. Albashin Sista na jama'arta ne, ba za ki riƙa aika shi gida yadda kika saba ba. Gara ki ji wannan yanzu.

Game da karatu: kowane dare ki karanta na Misar gobe, ki rubuta ayar da ta tsaya miki, da abin da ta bar miki washegari, salama ko damuwa. Kada ki tsaya a Ista. Lahadi ta huɗu ta Ista ita ce ta Makiyayi Mai Kyau, ranar addu'a domin kira, wadda Paparoma Paul na Shida ya fara a 1964, a nan za ki ji wa'azi mai motsa rai. Ni na fi son in ga abin da za ki rubuta bayan Fentikos, lokacin da Fada ya koma koriyar riga, babu toka babu biki. Ki nemi Elinki, Fada ko Sista da ba ya jin tsoron ce miki a'a, ki riƙa kai masa littafin. Zan aiko miki da saƙo ta gefe.

Malamin Hausa, Tudun Wada, 5:02 na yamma

Sista, baitin Sama'ila ya fi duk abin da aka sa a zaren nan, har da nawa, ko da yake ɗangayenki ma sun yi tsawo. Malam Katikis, ban manta da yankan ba.

Maman Zumunta, Sabon Tasha, 5:04 na yamma

Na Sista ya yi daɗi, amma na 'yata ne na ɗaya.

'Yar Kakuri, Laraba, 9:20 na dare

Kawu, na bi maganarku, na sami Mama a kicin,
Tana tsinke alayyafo, na durƙusa na gaya mata.

Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, ta ajiye tire,
Ta ce wa zai biya WAEC ɗin Auta? Na kasa amsa ta.

Can ta ce tun ina goye ta miƙa ni ga Uwa Maryamu,
Amma ba ta zaci za a zo karɓa ba a idonta.

Ɗan Kwaya, na ji zancen Kakau, ni ma ina jin tsoro,
Tsoron bai kashe abin ba, na duba zuciyata.

Sista, na sayi littafin rubutu, ran Asabar ina tafe,
Aiki kuwa ina riƙe da shi sai Mama ta faɗi nata.

Kawu Barnawa, Alhamis, 6:05 na safe

Madalla 'yata. Ki gaya wa Mamanki zan shigo gobe Juma'a bayan Hanyar Gicciye. Maganar kuɗin jarrabawar Auta tsakanina da ita ce, kada kowa ya sake kawo ta nan, da waƙa ko da zube.