Gilashin ido na magani: a saya ta intanet ko a shago?

A cikin waɗanda suka tattauna wannan tambaya, kowa ya yarda da abu ɗaya: gwajin ido ne farko. Intanet ba ta auna ido, ba ta kuma gano cutar hawan jinin ido, wadda ke cin gani a ɓoye. A je wurin likita, misali Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko asibitin ido na ECWA a Kano, a karɓi takardar sakamako a hannu.

Masu goyon bayan intanet sun kafa hujja da araha da yawan zaɓi. Amma sun ja kunne kan tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin ido biyu, wadda ake rubutawa PD. Sau da yawa ba a saka ta a takarda, sai an roƙa. Idan ta kauce da 'yan milimitoci a gilashi mai ƙarfi, ciwon kai da jiri na iya biyo baya. Girman firam kuwa, a duba cikin hannun tsohon gilashi: lambobi irin 52-18-140 na nufin faɗin gilashin ido ɗaya, gadar hanci da tsawon hannu.

An ɗan yi saɓani kan gilashi mai haɗa ganin nesa da na karatu. Mafi yawa sun ce shago, domin sai an auna shi a fuska, kuma ni ma nan na tsaya. Haka ma na yara. Kafin a biya ta intanet, a karanta sharaɗin mayar da kaya, a lissafa kuɗin aikowa.