An ce in tara mata a yi musu gwajin sankarar bakin mahaifa kyauta, amma hankalina bai kwanta ba

Maman Safiya, Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Ni ce uwar adashen unguwarmu, shi ya sa da wasu ma'aikatan lafiya suka shirya gwajin sankarar bakin mahaifa kyauta, aka ce ni zan bi gida-gida in kira mata. In na ce su fito, za su fito. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne maƙwabciyata. A wani gwaji na baya aka ce mata ciwon ya yi nisa, aka miƙa mata takarda da Faransanci, wai ta tafi Duwala, can kudancin Kamaru, a gasa wurin da haske. Mijinta babur ɗin haya yake ja. Ina kuɗin mota zuwa Ngaundare, ina na jirgin ƙasa, balle masauki na makonni? Ta ninke takardar ta sa cikin kwalla, ta zauna ga sani ba magani har Allah ya karɓi abinsa. To ni in kira matan da na san halin aljihunsu, alheri na yi musu ko na ɗora musu kaya?

Unguwarzoma, Marwa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙanta. Damuwarki tana kan hanya, mu ma a wurin aiki an koya mana cewa gwajin da ba magani a bayansa bai halatta a yi wa jama'a ba. Sai dai maƙwabciyarki ta zo a makare ne. Ainihin abin da ake nema ba sankarar ba ce, alamar da ke gabanta ce. Ƙwayar HPV ce ke haddasa ta, kuma yawanci sai ta ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara, ga mai ɗauke da HIV kuwa 5 zuwa 10. Muna shafa ruwan binega a bakin mahaifa, in wuri ya yi fari, ana iya ƙona shi da 'yar na'ura mai zafi nan take, cikin 'yan mintoci, mace ta koma gida da ƙafarta.

Kafin ki taka ƙofar kowa, ki zaunar da masu shirin. Da na'urar suka zo, ko duba kawai za su yi su tafi? Wadda aka ga nata ya wuce ƙonawa, wa zai bi sawunta, wa zai biya gwajin tsoka da kuɗin hanya? Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta, a shirinta na 2020, ba ta tsaya kan a gwada kashi 70 na mata ba, sai da ta haɗa da a yi magani ga kashi 90 na waɗanda aka samu da ciwon. In amsarsu kame-kame ce, kada ki ba su aron bakinki.

Baban Usman, Ngaundare:
Ni dai roƙona kada a yi a bayan maigida. In abu ya ɓaci shi za a nema ya sayar da saniya.

Yaya Balki, Garwa:
Baban Usman, a nemi yardarsa kafin ta fita, wannan ba gardama. Amma sakamakon nata ne. Na ga matar da aka faɗi nata a gaban uwar miji, aka ce ciwon ta saduwa ake ɗauka, kafin magariba an fara kallonta da zargi. Alhali ƙwayar nan kusan duk wanda ya yi aure yana haɗuwa da ita, tana iya kwanciya shekaru ba alama, kuma namiji ma yana ɗauke da ita bai sani ba. A faɗa mata ita kaɗai, ƙofa a rufe, sannan ta zaɓi wanda za ta kira.

Unguwarzoma, Marwa:
Ku duka kuna da gaskiya. Bayan ƙonawa akan ce a ƙaurace wa shimfiɗa kamar mako 4, don haka fahimtar miji dole ce. Ni nakan tambayi matar tukuna, in ta yarda in kira shi in yi bayanin da bakina.

Malamin makaranta, Kuseri:
Hajiya, ki lura da takardar da ake sa mata su dangwala. Wani lokaci gwajin haɗe yake da bincike, ana ɗaukar hoto ko samfur a tafi da shi. Ba laifi ba ne in an faɗa. Amma a karanta musu da Hausa ko Fulatanci, kuma wadda ta ce a'a kada a hana ta kulawa. Ke ma kada kunyar uwar adashe ta sa wata ta je ba da son ranta ba. Sannan ki tambaye su rigakafin HPV na 'yan mata, Kamaru ta sa shi cikin alluran gwamnati tun 2020.

Maman Safiya, Garwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gobe zan same su da tambayoyin nan. Matan ma zan faɗa musu gaskiya tun a zaure: akwai wadda za a gama da nata a ranar, akwai wadda za a iya turawa kudu. Ranar zubi kuma zan kawo maganar ware wani abu a asusunmu don kuɗin hanya. Unguwarzoma, in aka sami wadda nata ya yi nisa kuma ba halin tafiya, me zan roƙa mata a nan?

Unguwarzoma, Marwa:
Maganin raɗaɗi mai ƙarfi, irin su mofin, da kula da zubar jini da wari. Ki sa su faɗa miki asibitin da za a rubuta mata shi tun kafin su naɗe kayansu.