Da wane yaren kwamfuta zan fara, alhali ba na jin Ingilishi?

Ɗan Mokoyo:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Bana na samu bakaloriya a nan Maradi, kuma ina da burin koyon rubuta manhajar kwamfuta, sai dai duk karatuna da Faransanci na yi shi, Ingilishina bai wuce na gaisuwa ba. Wani ya ce in fara da C domin shi ne tushe, wani kuma ya ce Python. Ba ni da kwamfuta, sai wayar Android. Don Allah wanne ya dace da mai irin halina?

Malamar lissafi:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ka kama Python, kada Ingilishi ya karya maka gwiwa. Kalmomin da yaren ya keɓe wa kansa 35 ne, kuma waɗanda za ka riƙa amfani da su kullum, irin su if, else, for, while da def, ba su kai yawan kalmomin da ka haddace a mako guda na ajin farko ba. Sunayen da kake raɗa wa abubuwa kuwa naka ne. Python 3 yana karɓar haruffanmu masu lanƙwasa, don haka idan ka rubuta kuɗin_gero = 500, zai yi aiki lafiya lau.

Inda Ingilishi ke cizo shi ne saƙon kuskure. Ranar da na fara, na shafe kusan awa guda ina kallon IndentationError, ashe tazarar farkon layi ɗaya ce ban daidaita ba. Tun daga ranar na ware littafi, duk saƙon da ya fito sai in kwafe shi, in rubuta ma'anarsa da Hausa a ƙarƙashi, kuma kafin shafi uku su cika na lura cewa su ɗin ne dai ke ta dawowa. C kuwa ka bar shi tukuna, domin zai haɗa maka wahalar harshe da ta sarrafa ma'ajiyar kwamfuta a lokaci guda.

Mai gyaran waya, Babbar Kasuwa:
Malama ta yi gaskiya, amma ni da JavaScript na fara, saboda yana aiki a cikin manhajar shiga intanet ba tare da an girka komai ba, kuma mutum na ganin sakamakon aikinsa nan take. Sai dai ƙa'idojinsa sun fi na Python rikitarwa ga sabon shiga.

Ɗalibin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo:
Ɗan'uwa, Faransancinka ma jari ne, domin an fassara sashe mai yawa na littafin jagorar Python zuwa Faransanci, har da darussan masu farawa. Game da waya kuma, ka sauke Pydroid 3, manhajar rubuta Python a wayar Android, wadda ke aiki ko babu intanet.

Ɗan Mokoyo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sauke ta, kuma Malama, saƙon farko da zan rubuta a littafin shi ne SyntaxError, domin na manta ban rufe baka ba, wato alamar nan ")".