Hitar ruwa ce ke shanye mana yunit ko mitar ce?

Maman 'Yan Biyu, Unguwar Rogo:
Assalamu alaikum jama'a. Tun da hunturun bana ya kankama, katin wutar gidanmu ba ya yin albarka. Kullum da asuba ina ɗumama bokiti 4 na wanka, kowanne lita 20, da hitar nan ta tsomawa mai wat 1,500. Maigida kuma ya sayo hitar ɗaki a Taminus saboda yara, muna kunna ta daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. A kwalinta an rubuta BTU 5,100, ban san ko me ke nan ba. Shi ya ce ruwan wankana ne ke cinye wutar, ni kuma na ce mitar ce ke gudu. Don Allah mai ilimin abin ya raba mana gardama.

Ɗan Gangare:
Hajiya, nemi ƙaramar hita mai wat 1,000, za ki samu sauƙi. Manyan nan akwai ci.

Malamin Kimiyya, Bukuru:
Wa alaikumus salam. Ɗan Gangare, ka yi haƙuri, ƙaramar hita ba za ta rage mata ko sisi ba, sai dai ta daɗe tana jiran ruwa yara su makara.

Hajiya, yunit ɗaya na mita shi ne kilowat ɗaya, wato wat 1,000, na tsawon awa ɗaya. Idan ya koma zafi, jul miliyan 3.6 ke nan, ko kilokalori kusan 860, ko BTU 3,412, dukansu ma'aunan zafi ne. Riƙe 860 ɗin nan, don kilokalori ɗaya shi ke ƙara wa lita ɗaya ta ruwa zafin digiri ɗaya. Sai ki ninka yawan lita da yawan digirin da kike son ƙarawa, ki raba da 860. A ce ruwan randarki ya kwana a digiri 15, irin na Jos a Janairu, kina son ya kai 45. Lita 20 sau 30, a raba da 860, ya ba da yunit 0.7, wajen minti 28 da hitarki. Bokiti 4 ba su cika yunit 3 ba.

Yanzu ki duba ta ɗakin. BTU 5,100 ɗin nan a kowace awa ake nufi. Raba shi da 3,412, yunit ɗaya da rabi ke nan duk awa. Awa 8 ta kama yunit 12 a dare guda, in dai ba mai katse kanta ba ce idan ɗaki ya ɗumama. Ashe daga ke har Alhaji babu wanda ya canka. Ku kunna ta awa ɗaya ko biyu kafin kwanciya, ku toshe kafar taga, ku ƙara wa yara bargo.

Kuma don Allah kada kowa ya tsoma hannu a bokiti alhali hita na jone.

Mai Shayin Farin Gada:
Allah ya ƙara basira, Malam. To ni da nake tafasa ruwa da gas fa, kilo ɗaya yunit nawa ne?

Malamin Kimiyya, Bukuru:
Amin. Kilo ɗaya na gas ɗin girki yana ɗauke da zafin da ya kusa yunit 13, amma kusan rabinsa iska ke kwashewa ta gefen tukunya, balle kai da ke bakin titi. Lissafa da 6 ko 7. Ita hitar tsomawa kusan duk zafinta cikin ruwan yake tsayawa. Saboda tudun Jos, wajen mita 1,200 sama da teku, ruwanka na tafasa ne a kusan digiri 96, don haka lita 20 daga 15 zai buƙaci zafin yunit 1.9, kimanin kashi ɗaya cikin uku na kilo. Kewaye murhun da langa-langa, ka riƙa rufe tukunya.