Fayil yana yankewa ana cikin saukewa: abin da 'yan'uwa suka gani a gidajensu a Katsina da Daura

Malamin kimiyya, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum. Ina roƙon duk wanda ya taɓa fuskantar wannan matsala ya faɗi abin da ya gani da idonsa, domin shawarar a kashe na'ura a kunna ta riga ta ishe ni. A gidana rauta muke amfani da ita, wato na'urar da ke raba intanet a gida, irin wadda ake sa wa layin waya, kuma tana buɗe shafuka lafiya lau, har yara suna kallon bidiyo ba tare da cikas ba. Amma akwai darussan bidiyo da aka dunƙule cikin fayil guda mai nauyin kusan gigabait 5, waɗanda nake so in sauke daga wani shafi saboda ɗalibai masu shirin jarrabawa, kuma duk lokacin da na fara sai ya yanke. Wani lokaci tun da wuri, wani lokaci sai ya wuce rabi, sannan Chrome ya nuna cewa netwok ya samu matsala. Tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farashin kira da data a watan Janairun 2025, asarar gigabait biyu ko uku ta daina zama abin da mai albashi zai kawar da kai a kansa.

Mai gyaran kwamfuta, Babbar Kasuwar Katsina:
Wa alaikumus salam, Malam. Tambayar da nake fara yi wa duk wanda ya kawo mini irin wannan ƙorafi ita ce, a ina saukewar take tsayawa? Idan a wuri ɗaya take tsayawa kullum, to da wuya laifin layi ne, sai a duba kwamfuta ko shafin. Idan kuwa yau a kashi 20 ta tsaya, gobe a kashi 70, kamar yadda kuka bayyana, to layin ne yake ɗaukewa na ɗan lokaci. Kada kallon bidiyon yara ya ruɗe ku, domin bidiyo yana zuwa ne gutsure-gutsure, kuma waya tana tara na gaba tun kafin a iso shi, saboda haka ko sabis ya ɗauke na daƙiƙa goma ba wanda zai lura. Babban fayil kuwa haɗi ɗaya ne dogo, kamar igiyar guga, inda ta tsinke a nan aiki ya tsaya. Abin da na fi gani a gidaje shi ne lokacin da aka ɗauke wuta aka koma janareta ko inbata: rauta takan mutu ta sake tashi, ta karɓi sabon adireshi daga kamfanin layin, kafin nan haɗin ya riga ya lalace. Ku lura ko yankewar tana dacewa da ƙiftawar wuta. Sannan idan ya yanke kada ku danna sokewa, kada kuma ku goge fayil ɗin da sunansa ya ƙare da crdownload, domin a cikinsa abin da aka riga aka sauke yake, kuma idan sabar shafin, wato kwamfutar da ke aiko da fayil ɗin, tana ba da damar ci gaba, daga nan za a ɗora.

Hajiya mai shagon buga takardu, Daura:
Malam, tawa matsalar ta bi ɗaya hanyar da wannan bawan Allah ya ambata. Wata manhaja nake saukewa a gida da dare don in kai shago, kuma kullum da ta kusa gigabait 4 sai ta tsaya, ba ta taɓa wucewa ba, ko da sabis yana cike. Na sauya layi, na kai rauta bakin taga, duk a banza. Ɗan ƙanena ne ya zauna ya duba inda fayil ɗin yake sauka, ya ga cewa kai tsaye cikin filashi yake shiga saboda kwamfutar gida ba ta da wuri. Ya danna kan filashin ya nuna mini inda aka rubuta FAT32, ya ce wannan tsari ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4, ko da filashin mai gigabait 32 ne kuma babu komai a cikinsa. Muka kwashe takardun da ke ciki zuwa wani wuri, tun da sauya tsari yana goge komai, ya mayar da shi exFAT, a daren nan manhajar ta sauka gaba ɗaya. Naku fayil ya haura wannan nauyi, don haka ko an gyara batun wuta, ku tabbatar ba cikin irin wannan filashi yake sauka ba. Wani kuma ya taɓa ba ni shawarar in riƙa kashe manhajar kariya daga bairos kafin saukewa, ban sani ba ko hakan daidai ne.

Mai gyaran kwamfuta:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, wannan shawara ta ƙarshe ban goyi bayanta ba. Gaskiya ne manhajar kariya takan hana fayil sauka, amma idan ta yi haka takan faɗa ƙarara, kuma sau da yawa tana da hujja. Kwamfutar shago da ake cusa mata filashin jama'a daga safe har dare ita ce ta fi kowace buƙatar kariya.

Ɗalibi, Sabuwar Unguwa:
Da izinin manya, akwai lissafin da ya taimake ni. Saurin da ake tallatawa da megabit ake auna shi, nauyin fayil kuwa da megabait, kuma megabit 8 ne ke yin megabait 1. Layin da ke ba da megabit 10 a daƙiƙa yana sauke megabait ɗaya da kwata ne kawai, wato fayil ɗin Malam zai ɗauki fiye da awa guda. Idan da yamma ne, bayan sallar isha'i, lokacin da kowa a unguwa ya hau waya kuma saurin ya faɗi zuwa megabit 2, aikin ya koma awa biyar da rabi. A tsawon wannan lokaci laftof takan yi barci idan ba a hana ta ba a wurin saitin wuta, kuma da ta yi barci saukewa ta tsaya. Abu na biyu, wasu shafuka linkin da suke bayarwa yana da wa'adi, shi ya sa idan mutum ya danna ci gaba washegari sai a ce masa an hana shi, alhali babu abin da ya lalace a gidansa, sabon linki kawai ake bukata. Ni yanzu bayan tsakar dare nake fara manyan fayiloli, amma sai na duba ƙarfe nawa datar dare take ƙarewa, domin idan ta ƙare aiki bai kammala ba, babbar data za a ci gaba da ja.

Malamin kimiyya:
Na gode ƙwarai da wannan bayani. Jiya na zauna kusa da rauta ina kallon fitilunta, ana ɗauke wuta kuwa duk suka mutu, aka ɗauki kusan minti biyu kafin fitilar intanet ta dawo kore, a daidai lokacin kuma Chrome ya nuna ja. Na mayar da ita kan soket ɗin da ke kan batirin sola, na kuma haɗa ta da laftof da kebul maimakon wayfai, tun da bango biyu na siminti ne tsakanin falo da ɗakin da nake aiki. Hajiya, na duba, cikin kwamfutar kanta yake sauka.

Dattijo mai ritaya, Daura:
'Ya'yana, ku ƙara da wannan a lissafinku. Tsohuwar kwamfutata ta tebur ta taɓa ƙin sauke komai daga shafukan da na saba, ba ma ta farawa, sai dai burauza ya ce haɗin ba shi da aminci. Da aka duba agogon da ke ƙasa a kusurwar dama, sai aka ga ya koma shekaru baya. Shafuka suna da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, kuma kwamfutar da ba ta san kwanan wata ba za ta ɗauka takardar ba ta da inganci. Wani ɗan ƙaramin batiri mai faɗin kwabo da ke cikin akwatin, mai lamba CR2032, shi ne ya mutu, aka sauya shi aka gyara agogo. Ina kuma tunatar da ku ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gabar Afirka ta Yamma: mutane da yawa sun yi ta kwance na'urorinsu a gida, alhali matsalar tana can cikin ruwa. Kafin a taɓa komai, a tambayi maƙwabci ko nasa yana aiki.

Ma'aikaciyar jinya, Ƙofar Marusa:
Baba, Allah ya saka da alheri. Tawa ta bambanta da duk waɗannan, domin a waya nake saukewa, kuma takan nuna cewa an kammala, amma da na danna takardar sai a ce ba za ta buɗu ba. Littafi ne na karatun aikinmu, shafin ya rubuta cewa nauyinsa megabait 48 ne.

Mai gyaran kwamfuta:
Anti, ki shiga wurin ajiyar fayiloli na wayar ki duba nauyin abin da ya sauka. Idan kilobait kaɗan ne, ba littafin kika sauke ba, shafin shiga ne ko na talla aka ajiye da sunan littafin, wanda yakan faru idan shafin yana bukatar a shiga da asusu tukuna, ko kuma an danna maɓallin talla mai kama da na gaskiya. Idan kuwa ya kai megabait 20 ko 30, to yankewa ya yi a hanya, kuma galibi tsarin tattalin batiri ne yake dakatar da burauza da zarar fuskar wayar ta mutu. Ki kashe shi, ki sa wayar a caji, ki bar burauzan a buɗe har ya gama. Ki faɗa mana nauyin da kika gani, da kuma ko datar da ke layin ta gama-gari ce ko irin wadda aka keɓe wa WhatsApp da Facebook kaɗai.