Wai me za mu kira ɗan majalisar da ke da baki amma ba shi da ƙuri'a?

Jama'a a taimaka, fassara nake yi na maƙale a kan speaking rights, wato damar yin magana a majalisa. Maganar Ayaland ce, tun 1921 aka raba tsibirin, arewa ta zauna ƙarƙashin Birtaniya, to jam'iyyar Sinn Féin ta daɗe tana neman a bar 'yan majalisar arewa su riƙa shiga majalisar Dublin, babban birnin Jamhuriyar Ayaland da ke kudu, suna magana ko da ba za su yi ƙuri'a ba, su da ma kujeru 7 ɗin da suka ci a 2024 na majalisar Birtaniya da ke Landan ba sa zama a kai don ba sa yi wa sarkin Birtaniya rantsuwa. Kamar dai a ce ɗan majalisar Maraɗi ya zo Abuja a ba shi lasifika.

Wani ya ce ɗan kallo. A'a malam, ɗan kallo ai ba ya magana, sai ihu in an ci ƙwallo. 'Yan sa ido kuma na zaɓe ne, an riga an kama wannan.

Wata baiwar Allah ta kawo baƙon majalisa, ya yi daɗi a baki wallahi, amma baƙo raɓa ne, gobe ya tafi, su kuwa waɗannan kujera suke so ta dindindin, kuma in ka ce musu baƙi a Dublin faɗa za ku yi, cewa suke ƙasarsu ce.

Mai cewa ɗan amshin Shata, Allah ya shirye ka.

Ni dai ɗan soro nake gani. Da zaure na fara, sai na tuna zauren majalisa shi ne ainihin cikin, za a rikice. Amma soro irin namu na cikin gari, maƙwabci ya zo a yi masa shimfiɗa, a fito masa da tuwo, maigida ya ji shawararsa har ta auren 'yarsa, amma ba ya ƙetara labule, ranar rabon gado kuma ba a kiransa. Damar kuma a ce kujerar soro.

Wani ɗan Fagge ya tambaya to Seamus Mallon fa, ɗan arewa da aka naɗa sanata a Dublin a 1982? Wannan ya shige cikin gida yallaɓai, da ƙuri'arsa, ba ya cikin lissafi.

Na sa kujerar soro a fassarar, sai dai edita Basakkwace ne, ban san ko zai bari ba.