Baƙin katakon eboni yana tsage mini, ku taimaka

Salamu alaikum, masu sassaƙa. Ina ƙera biro a injin da ke juya katako, kuma eboni da aka kawo mini daga Kamaru ya gagare ni. Ina huda rami mai faɗin milimita 7 a katakon, in manna bututun tagulla a cikin ramin da gam, in sassaƙe har ya yi sumul kamar gilashi. Bayan kwana biyu sai siririyar tsaga ta bayyana daga bakin bututun. Guda huɗu na rasa haka, ga katakon da tsada.

Na lura yana zafi sosai wurin hudawa, har yatsa ba ya iya taɓa shi. Zafin ne, ko bushewar hunturu? Da maɗaci ban taɓa ganin haka ba. Don Allah wanda ya sani ya fahimtar da ni.